Kayan Ba Su Jiƙe Ba

Hoton nan da na liƙa a rumfar da nike ɗinkin buhunan albasa, a tashar Tsarnawa, ya jawo mani surutu har na gaji. Duk saurayin da ya zo jiran mota sai ya tsaya ya ƙura mashi ido: ga ni tsaye bisa ƙololuwar dutse da hular sanyi, nasara biyu, wato Turawa, sun dafa kafaɗata, gajimare na ƙarƙashin ƙafafunmu. Sai ka ji an ce, "Baba Sa'idu, ashe ka ci duniya! Yawo kawai da nasara, kuma a biya ka?" Shekaranjiya wani har tambayata ya yi ta wace hanya ake bi zuwa Kamaru. To, lakwal ɗina a aji huɗu ya tsaya, rubutuna ba kyau gare shi ba, amma zan rubuta maku sau ɗaya, mai karatu ya karanta ma marar karatu, ku bar ni in yi ɗinkina. Sana'ar sunanta dako, dakon kaya bisa dutse. Na yi ta shekara shida. Ta ci gwiwata ta dama, ta kuma ci Ɗan Lami, taubashina, ɗan kawuna, wanda ni na kai shi can da ƙafata. Ba ya cikin hoton.

Ku fara cire ma kanku tunanin dutse irin wanda kunka sani. Tuddan da ke bayan Malbaza, waɗanda akuya ke hawa ta sauko kafin azahar, ba su ne ba. Wannan dutse daga bakin teku ya tashi, kuma hawansa da saukarsa kwana uku ne ga mai ƙarfi. Gindinsa daji ne na gwamnati, ba a sara ice ba a harbi, itatuwa sun rufe sama har ba ka ganin rana, ƙasa kullum jiƙe take kamar bakin rijiya. Ka wuce dajin sai ka fito fili, ciyawa zalla, hawan ya miƙe tsaye kamar bangon rumbu, babu inuwa babu mafaka. Ka wuce ciyawar sai baƙaƙen duwatsu masu kaifi irin kashin maƙera, don dutsen yakan yi aman wuta. Bukkokin kwano uku ne a hanya, nan ake hutawa. In sama ta washe kana hango teku a ƙasa, jiragen ruwa kamar ƙuda bisa faifai. Wannan ganin ne nasara ke zuwa nema. Mu kuwa kayansu muke ɗauka.

Aikina na farko, kunya na sha. Na je garin da ke gindin dutsen ne cin rani, ina taya wani mutumin Illela saida shayi a unguwar Hausawa. Cikin masu shan shayin akwai wani tsoho ɗan ƙasar, Pa Ndibe, jagora ne, shi ke shiga gaba in za a hau. Ya ga ina sauke buhun suga daga mota ni kaɗai, ya ce mani da turancinsu na kasuwa, in ina so in zo gobe, mutum ɗaya cikin 'yan dakonsa ya kwanta ciwo. Da safe anka miƙo mani jakar baya, sak, mai nauyin rabin buhun gero. Na naɗa gammo da rawanina, na aza ta bisa kai, yadda kowane ɗan dako ke yi a kasuwar Ƙonni. 'Yan dakon garin sunka fashe da dariya. Pa Ndibe bai yi dariya ba, ya bar ni. Cikin daji rassa sunka dinga fizge ta, na jure. Da munka fito fili, iska ɗaya ta zo ta ɗauke sak ɗin, ta ɗauke ni tare da ita, na gangara kamar tulu. Da na taso baki duk jini, tsohon ya zo ya saka mani igiyoyin a kafaɗa, ya ɗaure ta ƙugu, ya ce, "Nan ba ƙasarku ba ce. Abin da ka sani can, bar shi can." Na ɗauka maganar gammo kawai yake yi.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowane ɗaya in ya ci amanarka ka gane kurenka. Takalmi na farko. Nasara suna zuwa da manyan takalma masu igiya har ƙwauri, mu kuwa na roba ne irin na 'yan ƙwallon unguwa, a saka safa biyu, baƙin dutse ya cinye shi cikin hawa huɗu. Sai sanda, ba don gayu ba, don saukowa, nan ne gwiwa ke mutuwa. Sai bido, jarkar ruwa ke nan, don in ka bar daji babu ɗigon ruwan sha har ka dawo, dutsen yana shanye duk abin da ya zuba kansa. Ɗan dakon ruwa shi ya fi kowa wahala, ruwa na motsi a bayansa, ya karkata hagu ya ja shi hagu. Sai garin rogo da suga da gyaɗa a aljihu. Sai leda biyu manya masu kauri: ɗaya a lulluɓe sak, ɗaya a huda mata wuya a saka kamar riga. Ku riƙe wannan, leda biyu.

Numfashi ma sai an koya. Daga bukka ta biyu zuwa sama iska ba ta ƙosar da ƙirji, ka ja ka ja kamar mai tsotsar busasshiyar goruba. Pa Ndibe ya koya mani tafiyar hawainiya: taku gajere, kar ka kalli sama, kar ka zauna in ka gaji, ka jingina da sanda ka ƙirga goma ka ci gaba. Ƙarfi ba ya aiki can. Na ga ƙato ɗan kokuwa yana amai yana kuka bisa ciyawa, tsohuwar banasariya mai furfura ta wuce shi tana waƙa.

Masu hawan kuwa iri-iri ne, kar ku ɗauka duk nasara kirki ne ko duk mugu. Akwai mai tsayawa ga kowace ciyawa ya ɗauki hotonta, kai kana tsaye da kaya kafaɗa na ci da wuta. Akwai mai gudu kamar ana binsa, ya isa bukka ya zauna yana duba agogo yana tambayar ina abincinsa. Wata ta taɓa saka ni ɗaukar kujerar zamanta har sama, ta zauna kanta minti biyar. Wani ɗan birni, baƙi kamar ni, bai taɓa tambayar sunana ba cikin kwana uku, "kai" kawai. Waɗanda ke cikin hoton nan mutanen kirki ne, sun raba burodinsu da ni, sun aiko hoton ta buro, ofishin 'yan dako. Amma ko su, da anka gama ɗauka, sun sauko hannu sake, ni na sauko da shararsu a baya.

Akwai aikin da ya koya mani tsoron jiƙa kaya, kuma daga nan masifar ta samo tushe. Shekarata ta biyu ce. Yayyafi ya same mu cikin daji, na yi ragwanci ban rufe sak da kyau ba. Da munka isa bukka, mai kayan ya zaro bargon kwanansa, irin mai zip ɗin nan da ake shiga ciki kamar buhu, ya same shi sharkaf. Ya yi ta ihu. Da munka sauko ya kai ƙara buro inda ake rubuta 'yan dako. Mu baƙi dama da ƙyar ake saka sunanmu, 'yan gari na cewa dutsen kakanninsu ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Anka cire ni har ƙarshen rani. Sai da Pa Ndibe ya je ya roƙa kafin a mai da ni. Tun ranar na saka ma raina: kome zai faru, kaya ba za su jiƙe ba.

Sai mummunar shekarar nan ta zo, wadda kowa a nan ya sani, ba sai na faɗa maku ba: ruwa ya ɗauke tun gero na ciki, fara ta zo ta gama da sauran. Na zo gida bayan kaka na tarar rumbunan kawuna kamar an share. Ɗan Lami na zaune ƙofar gida yana gyaran hauyar da ba ta da aiki. Sa'ana ne, tare anka yi mana kaciya, ga shi da mata, Hajo, da 'ya'ya huɗu. Ya ganni da hular sanyi a Tsarnawa ya ce, "Kai bawana, wannan tukunyar da ka kifa a kai fa, ta gado ce ko ta sata?"

Na ce, "Ta masu cin abinci sau uku ce. Kai ba ka san ta ba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Ka tahi da ni, Sa'idu."

Na ce, "Ba ka iyawa. Kai da ko bisa jaki jiri kake."

"In kai ka iya, da ƙafafun nan naka kamar na zalɓe, mi zai hana ni? Jaki dai ake nema, ko? To ga uban gidan jaki."

Kawu na gefe bisa tabarma, ya ce, "Ka tahi da shi. Amma Ɗan Lami, kayan mutane amana ne. Kar in ji, kar in gani." Shi ke nan nasihar da ya yi mashi.

Na koya mashi duk abin da na sani, kuma ya fi ni saurin ɗauka. Na hana shi gammo tun kafin iska ta hana shi. Na zaɓa mashi takalmi. Na koya mashi tafiyar hawainiya, ya ce dama ni hawainiya ce ta haife ni shi ya sa na ƙware. Na ba shi labarin bargon da na jiƙa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum za mu tashi sai na ce, "Ka rufe sak? Ka duba gindinta? In kaya sunka jiƙe, ni da kai duka za a kora, ka koma ka ci hauya." Har ya mai da shi waƙa yana tsokanata da ita a hanya. Wata uku muna hawa, babu wanda ya taɓa kuka da shi. Pa Ndibe na kiransa mai dariya.

Abu ɗaya ban koya mashi ba, don ban san abin koyarwa ne ba. Mu nan, wa ke gudun ruwan sama? In hadari ya taso, mata su kwashe shanya, maza su ruga su rufe hatsi da taki, a jawo tabarma bisa buhu. Mutum kuwa ya tsaya ya jiƙe, har ya ɗaga fuska. Jiki ai ba gishiri ba ne, in rana ta fito ya bushe. Haka anka haife mu, haka munka ga iyayenmu. Ni kaina a dutsen ban bar wannan hali da hankali ba, ganin 'yan gari na saka leda ne ya sa nike sakawa. Ban taɓa zama na ce ma Ɗan Lami, ruwan can sama ba irin namu ba ne, yana kisa. Duk hawan da ya yi cikin rani ne, bai taɓa gamuwa da shi ba. Ranar da ruwan farko ya sauka a gari, muna rumfar shayi, fita ya yi tsakiyar titi ya buɗe hannuwa, 'yan gari na kallonsa kamar mahaukaci. Ya ce, "Sa'idu, dubi abin da ake zubarwa a banza! Da za a ba ni na yini ɗaya in kai Tsarnawa!" Na yi dariya. Nan ya kamata in yi magana, na yi dariya.

Aikin ƙarshe na wannan rani, nasara biyu ne, miji da mata, masu shekaru. Pa Ndibe bai so ba, ya ce damina ta kawo kai, amma sun zo daga nesa kuma buro ta riga ta amsa. Mu huɗu ne 'yan aiki: tsohon a gaba, ni da ruwa da abinci, wani ɗan gari da tanti, Ɗan Lami da babbar sak mai barguna da tufafinsu. Munka tashi da sassafe, sama fes. Cikin daji wani reshe mai ƙaya ya kama ledar sak ɗin Ɗan Lami ya tsarge ta tun daga sama har ƙasa. Ya nuna mani. Na duba sama ta tsakanin ganye, na ce, "Ba komi, yau ba ruwa." Ya cusa yagaggiyar cikin aljihu.

Munka huta a bukka ta ɗaya, munka fito fili wajen hantsi. Tsakanin bukka ta ɗaya da ta biyu nan ne wurin da ya fi kowane tsayi, hawa ne na awa uku ko huɗu, wani wurin har da hannu. Mun yi rabi sai gajimare ya taso daga teku, daga ƙasanmu, ya haɗiye mu. Ba ka ganin mutumin da ke gabanka da taku goma. Sai iska, sai ruwa, ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe, kamar ana watsa maka tsakuwa. Kowa ya zaro ledarsa ya saka. Na waiga na ƙwala kira, "Ɗan Lami, kana nan?"

Na ji muryarsa daga ƙasa, "Ina nan, bawana! Wuce, ina gyara kaya!"

"Ka rufe su?"

"Na rufe! Ko ɗigo!"

Ban tambaye shi da mi ya rufe ba. Na san ledar sak ta yage, da idona na gani. Amma ruwa na dukana, bido na jana baya, matar nan ta fara zamewa Pa Ndibe na riƙe da ita, na sa kai na ci gaba.

Mun isa bukka ta biyu bayan azahar. Nasaran na karkarwa, suna tambayar tufafinsu busassu, tufafin na bayan Ɗan Lami. Munka jira. Ɗan garin ya hura wuta da 'yan itacen da anka bari. Munka ƙara jira. Pa Ndibe ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwanka leda nawa gare shi?" Na ce ɗaya. Ya ɗauki sandarsa ya fita, na bi shi.

Ba nisa munka same shi, tafiyar da ba ta kai daga tasha zuwa masallacin Juma'a ba. Yana zaune a ciyawa ya jingina da wani dutse. Sak ɗin na gefensa, ya naɗe ta da ledarsa ta jiki, ya ɗaure da igiya sama da ƙasa, ɗauri mai kyau irin na buhun iri, har ya saka ta ta ɓangaren da dutsen ya tare iska. Shi kuwa yana ɓangaren ruwa. Ya cire rigarsa ya ajiye. Ba ya ma karkarwa, kuma daga baya na sani in mutum ya daina karkarwa abin ya yi nisa. Leɓɓansa sun yi toka.

Na ce, "Kai mahaukacin ina ne? Tashi!"

Ya dube ni kamar daga barci, yana murmushi, harshe ya yi nauyi. Ya ce, "Sa'idu, ruwa ya sauka. Ce ma Hajo ta hiddo iri."

"Tashi, don ubanka, tashi mu tahi!"

"Zahi nike ji. Bari in sha iska kaɗan. Gonar fadama za mu fara."

Na tuɓe ledata na saka mashi, na goya shi. Pa Ndibe, tsoho mai jikoki, ya ɗauki sak ɗin. Ban san yadda munka hau ba. Nan gwiwata ta fara, na ji ta yi ƙara kamar an karya kara, ban tsaya ba.

A bukka matar nan ta san abin yi, ashe ta taɓa aikin likita. Ta ce a cire mashi jiƙaƙƙun kaya, ta yanke igiyar sak da wuƙa, ta zaro bargon kwananta. Busasshe ƙayau. Ko raɓa bai taɓa shi ba. Cikinsa munka saka Ɗan Lami. Ta ce in tuɓe in shiga tare da shi in ba shi ɗumin jikina, na shiga, na rungume shi, sanyinsa kamar randa. Mijin na dafa ruwa da suga, ana ɗiga mashi a baki yana dawowa. Ina ta zaginsa a kunne, duk zagin da muke yi tun muna yara, ko zai rama. Sau ɗaya ya motsa baki, na kara kunne, ya ce, "Ba su jiƙe ba ko?" Na ce ba su jiƙe ba. Kafin la'asar ta wuce ya cika. Na yi mashi kalmar shahada, ban sani ba ko ya ji.

Washegari munka sauko da shi cikin tanti, an ɗaure a sanduna biyu, mu uku muna karɓa-karɓa. Hanyar da ake saukowa cikin rabin yini ta ci mana yini cur. Jandarma sunka yi tambayoyinsu, sunka rubuta, sunka ce tsautsayi ne. Nasaran sun yi kuka, sun yi abin da za su iya, ba ni da abin faɗi kansu. Mutanen unguwar Hausawa sunka yi mashi sutura. Da anka haƙa kabari, kafin a gama sallah ruwa ya cika shi zuwa rabi, sai da munka sa bokiti munka kwashe. Mutumin da rashin ruwa ya kora daga gida, sai da anka kwashe ruwa kafin a samu inda za a kwantar da shi.

Pa Ndibe ya zo gaisuwa rumfar shayi. Ya zauna ya ce shekara talatin yana hawa, bai taɓa ganin wanda ya tuɓe leda ya saka ma jaka ba. Ya ce ɗan garinsu ko yaro ne ya san in abu ya ɓaci ka yar da kaya ka ceci kanka, kaya a dawo a ɗauka. Ya tambaye ni, "Ku a ƙasarku haka kuke?" Na ce haka muke.

Ban dawo gida nan da nan ba, na aika saƙo ta bakin wani direba. Na ƙara rani biyu ina hawa da gwiwa ɗaure da tsumma, don yanzu gida biyu ke kallona. Daga ƙarshe gwiwar ta ƙi, ta kumbura kamar ƙwarya, buro ta daina kiran sunana. Babu wanda ya ce sannu, babu takarda, babu komi. Sana'ar ke nan: ranar da ƙafarka ta mutu, ranar anka manta ka. Na tattara na hau mota. Cikin kayana akwai takalmin Ɗan Lami da ledar nan, ban san dalilin da ya sa na ajiye ta ba.

Na iso Tsarnawa da rana tsaka, na wuce gidan kawu kafin namu. Ya tsufa ƙwarai, ido ya fara tafiya. Hajo ta kawo ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsuguna. Bayan gaisuwa kawu ya ce, "Direba ya ce sanyi ne. Sanyi kamar ƙaƙa, Sa'idu? Mutum da ƙarfinsa?" Na faɗa mashi duka, tun daga reshen da ya yaga leda har bargon. Ban ɓoye cewa na ga ledar ta yage ba, ban ɓoye cewa ni na cika mashi kunne da maganar jiƙa kaya ba. Na shirya ya tsine mani, da ya yi da na ji sauƙi.

Ya ja tasbaharsa. Sannan ya ce, "To kayan mutanen fa?"

Na ce, "Kawu, wane kaya?"

"Da anka ba shi ɗauka. Sun jiƙe?"

Na ce, "Ba su jiƙe ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Bai ba mu kunya ba."

Hajo ta karɓi takalmin da ledar. Takalmin dai, babban ɗan Ɗan Lami ya saka shi har ya tsinke. Ledar kuwa mai kauri ce, irin ta ba a samu nan. Da damina ta zo na bi ta ƙofar gidan hadari na tasowa, na ga Hajo ta fito da gudu da ita, ta lulluɓe ɗan buhun geron da ke tsakar gida, ta danne gefe da duwatsu, ita tana tsaye ruwa na dukanta.

To ga sana'ar da kuke gani a hoto. Na san wasunku za su tafi duk da haka, don nan ma babu abin zama, ni ma ban ce akwai ba. Wanda zai tafi ya sayi leda uku. In ruwa ya same ka can sama kuma ɗaya ta rage, ka saka ta a jikinka, ka bar kayan nasara su jiƙe, a kore ka, ka dawo ubanka ya ji kunya. Na faɗa ma wanda ya tambaye ni hanya shekaranjiya haka, baki da baki. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Amma Baba Sa'idu, kayan mutane fa amana ne."

Na ce ya matsa mani daga haske, ina ɗinki.